Na Ci Turanci A GCSE, Yanzu Ga Ni Da D: In Ajiye Darasin Ne?

Tambaya

Assalamu alaikum Anti. Ni yarinya ce 'yar shekara 16, muna zaune a Ingila da iyayena, kuma bana na shiga shekarar farko ta A-level, karatun shekara biyu da ake yi kafin shiga jami'a. Na ɗauki Bayoloji da Kemistiri, na ukun kuma Harshen Turanci da Adabi. Ni na zaɓe shi da kaina, don tun ina ƙarama ba na rabuwa da littafi, kuma a GCSE, jarrabawar da ake yi kafin A-level, na sami 8 a Turanci. Amma tun da aka fara zangon nan abin ya juye min. Maƙala biyu na rubuta, duka biyun D aka ba ni. A ƙasan ta biyun malamarmu ta rubuta cewa labarin nake sake bayarwa, ba nazarinsa nake yi ba. Na karanta maganar nan har na gaji, ban gane abin da take so ba. A aji kuma 'yan ajinmu da aka haifa a nan sai su yi ta zuba, ni kuwa bakina ya mutu, don a gida Hausa muke yi kuma har yanzu ana jin ta a harshena. Abbana dama tun farko bai so ba. Cewa ya yi Turancin da nake ji me kuma zan koya a ciki, in ɗauki Lissafi don in sami likitanci. Ban nuna masa takardun ba. Anti, in ajiye darasin tun da sauran lokaci, ko in daure?

Amsa

Wa alaikumus salam 'yata. Kada ki ajiye shi yanzu. Ban ce kada ki taɓa ajiye shi ba, zan zo kan wannan, amma maƙala biyu a zangon farko ba su isa a yanke hukunci a kansu ba, musamman da yake malamarki ta riga ta gaya miki inda ciwon yake. Ba ta ce Turancinki ya gaza ba. Ba ta ce nahawunki ya karkace ba. Yarinyar da ta sami 8 a jarrabawar da 9 ce ƙololuwarta ba ta da matsalar Turanci. Abin da ya faru shi ne an sauya miki aiki, ke kuma kina nan kina yin na da.

A baya, idan kin nuna kin fahimci abin da ya faru a littafi, kika kawo 'yan kalmomi daga ciki, kika ce ga kamantawa nan ga siffantawa can, kin sami maki mai kyau. A wannan mataki mai duba takardarki ya ɗauka kin san labarin. Shi ma ya sani, ya fi ki saninsa. Duk layin da kika ɓata kina gaya masa wane ya tafi wane ya dawo, layi ne da babu maki a cikinsa. Tambayarsa ɗaya ce: ta yaya marubucin ya sa kalmomin nan suka yi wannan aikin a zuciyar mai karatu, kuma me ya sa ya zaɓi wannan hanya ya bar wata? Mai sayen riga yakan ce ta yi kyau ya biya ya tafi. Tela kuwa sai ya juya ta ciki waje ya bi ɗinkin da ido. A kujerar tela aka zaunar da ke.

Bari in nuna miki da misali, don maganar "nazari" haka kawai ba ta shiga kai. Ki ɗauka a wani labari mace tana jiran mijinta da ya yi dare, sai marubucin ya rubuta: "Ba ta kunna fitila ba. Ba ta zauna ba. Ba ta duba agogo ba." Ɗalibar da ke ba da labari za ta rubuta cewa matar ta damu saboda mijinta bai dawo ba, shi ya sa ta kasa zama, kuma wannan ya nuna tana son sa. Duk gaskiya ne, kuma D za ta samu. Ɗayar ɗalibar za ta tsaya a kan jimlolin su kansu. Za ta lura guda uku ne, gajeru, kowacce ta kore aiki maimakon ta tabbatar da shi, wato an nuna mana matar ta hanyar abin da ba ta yi ba. Za ta ce mutum ba ya ƙin duba agogo sai idan agogon ne a ransa, don haka jimlar ƙarshe tana tona abin da matar ke ƙoƙarin ɓoye wa kanta. Za ta lura marubucin bai yi amfani da kalmar tsoro ko damuwa ko sau ɗaya ba, ya bar mai karatu ya cike gurbin da kansa. Sai ta tambaya: wa ke ba da labarin nan, kuma yana cikin kan matar ne ko daga bakin ƙofa yake kallonta? Kalmomi goma sha huɗu kacal, amma sun isa cikakken sakin layi. Wannan ne malamarki take nema. Ki rage yawan abin da kike tattarowa, ki daɗe a kan ɗan abin da kika ɗauko.

Akwai wata 'yar dabara da za ki gwada a daren nan. Ɗauko maƙalarki ta biyu da biro mai launi. Duk jimlar da tauraron labari ne mai aikatawa a cikinta, "ta tafi", "ya yi fushi", ki ja mata layi. Duk wadda marubucin ne mai aikatawa, "ya jinkirta", "ya maimaita", "ya ɓoye mana", "ya sauya murya", ki yi mata da'ira. Ina kyautata zaton layuka za su cika takardar, da'ira kuwa ba za ta wuce biyu ko uku ba. Aikinki na watanni masu zuwa shi ne ki juya wannan lissafi.

Kuma ba sai kin yi duba ba kafin ki san abin da masu jarrabawa ke so. Hukumomin jarrabawa na Ingila, AQA da OCR da Pearson Edexcel da Eduqas, duk suna sa manhajarsu a intanet, da tambayoyin shekarun baya, da tsarin ba da maki. Suna kuma fitar da rahoton masu duba takardu, inda suke faɗin abin da ɗalibai suka yi daidai da inda suka faɗi. Wani lokaci sai ta hannun malami ake samun na baya-bayan nan. Ki tambayi malamarki wace hukuma makarantarku take bi. A darasinku ma'auni biyar ake auna ɗalibi da su: amfani da dabarun nazarin harshe da na adabi da kalmominsu cikin rubutu mai tsari, bayyana yadda ake gina ma'ana, fahimtar yanayin da aka yi rubutu da wanda ake karanta shi a ciki, haɗa alaƙa tsakanin matani daban-daban, da kuma iya ƙirƙirar naki rubutun. Ki duba da kyau, babu "sanin labari" a cikinsu. Sannan ki roƙe ta ta ba ki amsar wani ɗalibi da ta sami A a kan tambaya irin taki, ki ajiye ta kusa da taki ki karanta su jimla da jimla. Idan ta ba ki minti goma bayan aji, kada ki tambaye ta "ya zan inganta", don amsar da za ki samu ba za ta wuce abin da ta riga ta rubuta ba. Ki nuna mata sakin layi ɗaya ki ce: Malama, a ina ne daidai na bar nazari na koma labari? Malamai suna son ɗalibin da ya zo da tambaya mai kai.

Yanzu maganar da ta fi taɓa ni a wasiƙarki, ta bakinki da ya mutu a aji. 'Yata, yawan magana a aji ba shi ne fahimta ba, kuma ranar jarrabawa babu mai jin lafazin kowa, takarda ce da biro. Ki kuma sani Turancin Shakespeare, shahararren marubucin wasannin kwaikwayo na Ingila, baƙo ne ga 'yan ajin naku kamar yadda yake baƙo gare ki. Mutumin nan ya rasu a 1616, an tattara wasanninsa an buga a 1623, shekara ɗari huɗu ke nan. Babu wanda ya tashi a gidan da ake irin wannan Turanci. Su ma da bayanin ƙasan shafi suke lallaɓawa.

Ni ma a ganina akwai inda kika fi su. Wanda harshe ɗaya kawai ya sani yakan ɗauka yadda ake faɗin abu a harshensa ita ce kaɗai hanyar faɗinsa, sai an sha wahala kafin a sa ya ga cewa kowace jimla zaɓi ce. Ke kuwa kullum sai kin ƙetara daga wannan harshe zuwa wancan, kin san abu ɗaya yana da fuska biyu. Ga misalin da ya shafi karatunki kai tsaye. A Turancin zamanin Shakespeare wakilin suna biyu ake da shi na wanda ake magana da shi: "you" na girmamawa da nesa-nesa, da "thou" na kusanci, ko na babba ga ƙarami, ko na raini. Turancin yau da kullum ya yar da na biyun, don haka ɗan ajinku zai iya wuce wurin bai ji komai ba. Ke da kika san bambancin a ce wa babba "ku" da a ce masa "kai", kunnenki zai tashi nan take idan tauraro ya fara magana da ɗaya, ransa ya ɓaci ko zuciyarsa ta yi laushi, ya koma ɗayan a tsakiyar zance. Ki riƙa sa alama a duk inda haka ta faru. Maki ne a zube.

Haka batun waƙa da zube a wasanninsa. Galibi manyan mutane da waƙa suke magana, layi mai gaɓa goma da ba shi da amsa-amo, barori da masu barkwanci kuma da zube. To idan mai magana da waƙa ya faɗo zube, akwai dalili. A Macbeth, wanda ɗalibai da yawa ke yi a GCSE, matar Macbeth da waƙa mai ƙarfi take magana a farkon wasan, amma a fitowarta ta ƙarshe, inda take tafiya cikin barci tana goge hannu, maganarta zube ce, guntu-guntu. Tsarin maganar ya rushe tare da hankalinta. Ɗalibar da ta ce "ta haukace saboda laifin da ta yi" ta ba da labari. Wadda ta nuna rushewar a jikin layukan ta yi nazari.

Kada kuma ki manta darasin da kika zaɓa ba adabi zalla ba ne. A Ingila kashi uku aka raba Turancin A-level: akwai Harshe shi kaɗai, akwai Adabi shi kaɗai, akwai naku da ya haɗa biyun. A naku za a kawo muku jawabin ɗan siyasa, da talla, da labarin tafiya, da hirar baka da aka naɗa aka rubuta da duk inda-indarta da katsewarta, a ce ku fede su da wuƙar da kuke fede waƙa. Nan ne wurin yin atisaye kyauta. Wasiƙar da makaranta ta aiko gida ta ce "an yanke shawarar rufe ɗakin karatu da wuri", ki tambayi kanki wa ya yanke, kuma me ya sa jimlar ta ɓoye shi. Kanun labari biyu a kan abu ɗaya, ɗaya ya ambaci wanda ya aikata, ɗaya ya bar aikin a rataye ba mai shi, ki tambaya wa kowanne yake karewa. Kwata na awa a rana a kan irin wannan ya fi miki awa uku na haddace bayanan da wani ya taƙaita. Su waɗannan taƙaitattun bayanai, da na'urorin da ke rubuta wa mutum maƙala, ki yi hattara da su: ra'ayin da kowa ya kwafa suke bayarwa, kuma a ɗakin jarrabawa za a iya ajiye miki matanin da ba ki taɓa gani ba, daga ke sai idonki.

Sai Abbanki. Tambayarsa ba ta raini ba ce, ta uba ce da yake tsoron kada 'yarsa ta rufe wa kanta ƙofa, kuma ta cancanci amsa da hujja. Ga hujjar. Yawancin makarantun likitanci a Birtaniya Kemistiri suke nema, ko Bayoloji, ko duka biyun, kuma kina da su. Da yawa daga cikinsu ba su ƙayyade darasi na uku ba. Akwai kaɗan da suka fi son kimiyya uku ko a haɗa da Lissafi, don haka kada ki je masa da "an ce". Ku zauna tare ku buɗe shafin kowace jami'a da kuke tunani, ku karanta sharuɗɗanta na shekarar da za ki nema. Amma ga inda yake da gaskiya, kuma ba zan ɓoye miki ba: likitanci yawanci A uku yake nema ko sama da haka. Wato ba sunan darasi na ukun ne zai hana ki ba, makinsa ne. Idan Turancin ya tsaya a C, ƙofar ta rufe, kamar yadda za ta rufe idan Lissafin ne ya tsaya a C. Shi kuwa Lissafin A-level ba wurin fakewa ba ne. Wanda ya shige shi bayan an yi nisa da zango, da gibin makonni a bayansa, kuma ba da son ransa ba, bai sauƙaƙa wa kansa komai ba. Makarantu ma galibi a makonnin farko suke yarda da sauyi, daga nan sai da ƙyar.

Na lura da abu ɗaya: kin gaya min Abba yana so ki yi likitanci, ba ki gaya min ke kina so ba. Ba dole ki san amsar a shekara 16 ba, amma ki fara tambayar kanki da gaske, don a watan Oktoba na shekararki ta biyu ake rufe neman gurbin likitanci ta UCAS, hukumar da ake bi ta hannunta a nemi jami'a a Birtaniya, ga kuma jarrabawar shiga ta musamman kafin nan. Idan kuma zuciyarki ta karkata wajen shari'a, ko aikin jarida, ko koyarwa, ko gyaran magana ga masu matsalar furuci, darasin nan da kike shirin jefarwa yana cikin waɗanda za su yi miki rana. Likita ma, rabin aikinsa sauraro ne: mara lafiya ya faɗi abu, ya bar wani, kuma abin da ya bari shi ne ciwon.

Takardun nan biyu ki nuna masa. Na san da nauyi, amma ranar ganawar iyaye da malamai tana zuwa, kuma gara ya ji daga bakinki da ya ji daga na malama a gaban mutane. Ɓoyewar za ta fi D ɗin yi masa ciwo. Ki fara da Umma idan hakan ya fi miki sauƙi, ki zaɓi lokacin da ya huta. Kada ki je da kuka kawai, ki je da shiri. Ki ce: Abba, ga abin da na samu, ga abin da malama ta ce, ga abin da zan yi a kai, ina roƙon ku ba ni zuwa jarrabawar gwaji ku gani. Ki kuma yi masa bayanin tsarin, don wataƙila bai san shi ba. Tun gyaran da aka fara a 2015, jarrabawar A-level a Ingila a ƙarshen shekara biyu ake yin ta gaba ɗaya, don haka D ɗin nan ba za su shiga sakamakonki ba ko kaɗan. Kashi 20 cikin 100 na makin darasinku kuma daga aikin da za ki yi a tsanake yake fitowa, ba a ɗakin jarrabawa ba, kina rubutawa kina gyarawa, kuma irin wannan aiki ɗaliba mai son karatu irinki ce take cin moriyarsa. Abin da ke da nauyi a kusa shi ne jarrabawar ƙarshen shekarar farko, don a kanta malamai suka fi dogara wajen hasashen makin da za a aika wa jami'o'i.

Ga sharaɗin da na ce zan zo kansa. Ki ba abin zango guda cur na aiki na gaskiya: sakin layi ɗaya na nazari sau uku a mako, ba cikakkiyar maƙala ba, ki riƙa kai wa malama ɗaya daga ciki ta duba, ki sake rubuta maƙalarki ta biyu daga farko da sabon ido, ki yi magana sau ɗaya a kowane aji, ko da tambaya ce da kika rubuto tun daga gida. Idan makin ya motsa, ko da zuwa C ne, kin kama hanya, don daga nan hawa ake yi. Idan kuwa zangon ya ƙare bai motsa ba, kuma kin ga littafin da kike ƙauna ya zama abin da kike gudu, to ku zauna ke da Abba da malamar da shugaban sashenku na makaranta, ku tambaye su ƙarara wane maki suke ganin za ki iya kaiwa, da kuma zaɓin da ya rage: sauya darasi tare da maimaita shekarar farko, ko ci gaba da shi tare da sauya abin da za ki nema a jami'a. Duk wanda za ku ɗauka, ku ɗauke shi kafin hutun bazara. Allah ya yi miki albarka, ya ba ki sa'a.